Filawon Alhaji Labaran

A Zangon Kotonu mangwaro ake dasawa a ƙofar gida, ko darbejiya. Alhaji Labaran kuwa, mai manyan motocin da ke kai kaya Paraku, sai da ya je har unguwar Fijirose ya ciro filawo, itacen bakin teku mai ganye siri-siri kamar gashin wutsiyar doki. Inuwarsa ba ta rufe tabarma, amma dattijon ya ɗora ransa a kansa. Ko akuya ta raɓe shi sai unguwa ta ji.

Lokacin juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad, kayan gyara sun yi wuya, injinan motoci duk sun tsufa. Kullum bayan asuba direbobin Alhaji kan tayar da mota su bar ta tana ruri har ta yi zafi. Layin matsattse ne, saboda haka gindin mota waje biyu kawai zai iya kallo: ko filawo, ko tagogin gida. Tun farko filawo aka ba.

A hankali ganyen ɓangaren titi ya yi baƙi, ya yi danƙo, sannan ya koma ja ya fara zuba. Alhaji ya sa taki, ya yi ban ruwa, har maƙwabta ya zarga a ransa.

Ɗansa Karimou ya ce, "Baba, ba hannun kowa. Hayaƙin gazuwal ɗin motocinmu yake sha."

"To, a juya motocin."

Aka juya. Kafin damina ta ƙare filawo ya yi sabon toho, Alhaji ya riƙa tare masu wucewa yana nuna musu.

Sai Nimatou, jikarsa da ke goye, ta fara tari. Ɗakin uwarta ne mai taga ta farko. Wata safiya Hajiya Lubabatu, matar Alhaji, ta fito ta miƙa masa zanen goyon yarinyar. Fari ne da, yanzu ya yi toka.

Ta ce, "Alhaji, shinshina."

Ya shinshina. Ya daɗe yana kallon tohon nan kore shar, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Motar farko tana ruri, direba na jiran umarni.

Alhaji ya kira ɗansa. "Karimou, a mayar wa filawo da hayaƙinsa."

Ya naɗe tabarmarsa ya shige zaure kafin a gama ribas.