Ruwan da Ya Sauka a Takarda

Aroita ta jawo guga daga rijiya, ta ɗanɗana, ta tofar. Gishiri zalla. Wata huɗu ke nan ko yayyafi ba a yi a tsibirinsu ba, ga 'yarta Tiebane a kwance tana ta gudawa.

A rediyon maƙwabta ta ji sanarwa: jirgin ruwan da ke raba ruwan sha zai bi tsibiran da fari ya fi ci. Nasu ba ya ciki, wai ma'aunin ruwan sama ya nuna sun samu ruwa.

Ma'aunin nan kuwa mijinta Bauro ne mai duba shi, aikin da ya gada daga mahaifinsa. Kullum da safe ya je filin makaranta, ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane, ya karanta, ya aika babban birni. Shi ke nan fa. Ko akuya aka koya wa za ta iya.

Ta same shi a gindin kwakwa da ƙoƙon giya.

"Sarkin ruwa, barka da hutawa! Ina ruwan da ka saukar mana? Nuna mini in ɗiba."

"Ke, rage murya."

"Yaushe rabonka da filin nan?"

Ya sosa ƙeya. "To me zan gani? Kullum sifili, kullum sifili, ai sai su ce ba na aiki, su ba wani. Tsohon littafin Baba na riƙa kwafa. Ɗan kaɗan nake sawa, wallahi."

"Ɗan kaɗan! Ka shayar da takarda, ka bar 'yarka da gishiri. Tashi!"

* * *

A gabanta ya kira babban birni. Ma'aikacin da ya ɗauka ya saurara har ƙarshe, ya yi tsaki.

"Malam, an riga an tsara tafiya da alƙalumanka. Gyara sai wata mai zuwa. Kai ma dai!"

* * *

Ranar Laraba jirgin ya bi ta bayan tsibirin, fari tas. Mata suka fito bakin teku da jarkoki suna ɗaga hannu ko zai tsaya. Babu wanda ya gaya musu abin da Bauro ya yi. Aroita ma ta tsaya cikinsu, ta ɗaga nata hannun kada a tambaye ta. Ba ta sauke ba sai da hayaƙin jirgin ya ɓace.