Ba Ta da Kowa

Birkin da Dogo ya taka a shataletale sai da ya sa matar da ke zaune bayansa ta dungura goshi a jikin kujera.

"Kai direba! Kashe mu za ka yi?"

"Gyangyaɗi yake, wallahi," in ji wani daga can baya. "Ga tsawo kamar falwaya, amma ido a rufe."

Dogo bai ji ko ɗaya ba. Idonsa yana sama, a kan ƙaton allon tallan da ke fuskantar shataletalen. Jiya sabulu ne a kai. Yau 'yarsa ce, tsawonta ya kai gidan sama, ta miƙa ƙafa ɗaya gaba kamar za ta tsallake titin, ƙafar babu takalmi, duk ta yi furu-furu da ƙasa. A ƙarƙashinta an rubuta da manyan haruffa jajaye: BA TA DA KOWA. YANZU TANA DA MU. Daga gefe ga tambarin kamfanin madarar da ya gina wa yara filin gudu.

Matar da ta bugu ta bi idonsa, ta ga allon, sai fushinta ya sauka. "Allah sarki, marainiya," ta ce tana murza goshi.

"Wa ya ce miki marainiya ce?" in ji na bayan. "Iyayen zamani ne, su haifa su watsar. Uban yana nan wani wuri yana shan shayi."

Motoci suka yi ta danna masa hon. Ya sa giya ya ja. Da ya kai tasha, ya jira kowa ya sauka, ya duba ƙarƙashin kujeru ko wani ya manta kaya kamar yadda ya saba. Sannan maimakon ya shiga layi, sai ya juya kan bas ɗin ya fita babu fasinja ko ɗaya.

Shi ba butulu ba ne. Kafin kamfanin ya zo, bayan makarantar unguwarsu juji ne da fasassun kwalabe. Su suka share, suka shimfiɗa jar ƙasa, suka ja fararen layuka, suka ce duk yaron da iyayensa ba su da ƙarfi ya zo kyauta. Riga da takalmi kyauta, madara bayan atisaye kyauta. A nan aka gano cewa 'yarsa, wadda a gida ko aike sai an yi mata magana sau uku, idan ta sa ƙafa a layi babu mai ganin ƙeyarta. A nan aka laƙaba mata Barewa, har sunan ya bi ta gida. Shi yake sauke ta kullum kafin ya fara ɗaukar fasinja, uwarta kuma, da ke sharar asibiti, ita ke wanke rigar ta shanya a kan igiya mafi tsawo don maƙwabta su gani.

Ya iske yara suna zagaye filin. Koci yana tsaye bakin shinge da usur a wuya. Tsohon ɗan tsere ne da gwiwa ta ci amanarsa, yana tafiya yana jan ƙafa. Da ya hango bas ɗin, bai jira an kira shi ba.

"Na gani, Dogo. Tun da safe aka turo mini a waya."

"Da saninka aka yi?"

"Na san an ɗauki hoto. Rubutun, wallahi ban sani ba." Ya rage murya. "Amma ka dubi yaran nan. Wata mai zuwa manyan kamfanin za su zauna su yanke ko za su ci gaba da mu. Allo ne fa. Rana da ruwa za su cinye shi, kowa ya manta."

"Kafin su cinye shi, ni zan riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma, ɗauke da mutane suna zagin uban yarinyar, ni kuma ina ce musu a sauka lafiya."

Barewa ta riga ta baro layi, ta nufo su tana haki, gumi na bin wuyanta. Shekararta goma sha uku, amma ta kusa kai kafaɗar ubanta.

"Baba, ka gani ko?"

"Ina takalminki ranar da aka ɗauki hoton nan?"

Ta dubi ƙasa. "Sun ce in cire, wai zai fi kyau. Wani ma ya ɗebi ƙasa ya watsa mini a ƙafa."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Na ɗauka za ka ji daɗi ka gan ni a sama." Ta share gumin wuyanta. "Ɗazu wata ta tambaye ni, wai mai bas ɗin da ke kawo ni, taimako yake yi?"

Dogo ya juya ya nufi mota. Bai ce ta biyo shi ba. Da ya zauna ya sa makulli, sai ya ji an buɗe ɗaya ƙofar.

"Barewa!" Koci ya ɗaga murya. "Idan kika je, ban san abin da zai biyo baya ba. Ga gasa ta matso."

"Na ji, Koci," ta ce, ta ja ƙofar ta rufe.

Ofishin kamfanin yana can bayan gari, dogon gini na gilashi, gefensa kuma babbar ƙofar ƙarfe da manyan motocin madara ke fita. Dogo ya gitta bas ɗin a bakin ƙofar nan, ya ja birkin hannu, ya zare makulli ya sa a aljihu.

Mai gadi ya fito da gudu. "Malam, nan ba wurin ajiye mota ba ne! Ta nan manyan motoci ke fita."

"Na sani. Shi ya sa."

Mai gadin ya ɗaga hannu zai tare shi, sai idonsa ya faɗa kan yarinyar. Ya dube ta, ya dubi Dogo, ya ga hanci ɗaya, dogon wuya ɗaya. A hankali ya sauke hannun ya kauce.

A ciki sanyin esi ya buge su. Hoton nan dai shi ne a bango, an yi masa firam. Sakatariya ta tambayi ko suna da alƙawari. Dogo ya nuna bangon da yatsa ya ce, "Ki ce mata mai wannan ce ta zo." Ba a daɗe ba aka kai su wani ɗaki a sama.

Manajar da ke kula da shirin yara ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba. Tana sanye da tabarau, teburinta cike da kofunan da yara suka ciyo. Ta taso da fara'a ta kama hannun Barewa.

"Tauraruwarmu! Kin ga kanki kuwa? Duk gari maganarki ake yi." Ta juyo wurinsa. "Sannu, Malam. Kai ne...?"

"Kun rubuta ba ta da kowa. To, ga kowan ya zo."

Fara'ar ta tsaya mata a fuska, ta rasa inda za ta kai ta. Ta nuna musu kujera. Babu wanda ya zauna.

"Malam, ka yi haƙuri. Salon talla ne kawai, ba wai ana nufin..."

"Ranki ya daɗe, ni karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na iya karanta shi. Fasinjana ma sun iya. Wata ta yi mini ta'aziyyar kaina, wani ya ce ina can ina shan shayi. Uwarta tana nan da ranta, yanzu haka tana goge daɓen asibiti. Wanne daga cikinmu kuka binne?"

Manajar ta cire tabarau ta murza ido. Da ta sake magana, muryar talla ta tafi.

"Bari in gaya maka gaskiya. Ni na yi faɗa a gidan nan kafin a yarda a share filin can. Duk shekara sai na sake yin faɗan. Manyanmu ba sa buɗe hannu don yarinya mai uwa da uba da takalmi. Labari suke so, mai taɓa zuciya. Idan babu labari, babu fili."

"To ku ba su na gaskiya. Direba da mai shara sun haifi yarinya mai gudu, ba su da filin da za ta yi, ku kuka ba ta. Mun gode, kuma za mu faɗa a gaban kowa."

"Wannan ba ya tsayar da mota a shataletale, Malam."

"Ni dai naku ya tsayar da tawa."

Daga ƙasa wata babbar mota ta saki hon mai tsawo, wata ta amsa mata. Manajar ta leƙa taga, ta ga layin motocin madara a cikin harabar, da tsohon bas a gicciye gabansu.

"Taka ce waccan?"

"Ta maigidana ce. Makullin ne nawa."

Ta kusa yin dariya, ta danne. Ta ɗan yi tunani, sai idonta ya yi haske. "To ga wata shawara. Mu ɗauke ku tare, uba da 'ya. Mu sake sabon allo, kai kana tsaye bayanta..."

"Da takalmi ko babu?"

Wayar tebur ta yi ƙara kafin ta sami amsa. Ta ɗauka, ta juya musu baya. "E, ranka ya daɗe... Mahaifinta ne... E, yana da rai, ga shi a gabana... A'a, ban ba da shawarar a kira 'yan sanda ba, sai dai idan muna son hoton wannan ma ya zaga gari." Ta daɗe tana saurare. Da ta ajiye, ta dafa teburin da hannu biyu.

"Za a sauke allon cikin makon nan. Amma an riga an kama wurin, don haka za a sa hoton wani yaron." Ta dubi Barewa, ta kawar da kai. "Ita kuma, sun ce za su duba maganarta. Ban san me za su yanke ba. Zan yi iya ƙoƙarina."

"Shi wani yaron," in ji Dogo, "shi ma ba shi da kowa?"

Manajar ta mayar da tabaraunta.

Sai ya ji motsi a gefensa. Barewa ta durƙusa tana kwance igiyar takalminta. Ta cire ɗaya, ta cire ɗayan, ta haɗa su ta ɗora a kan teburin tsakanin kofuna, jar ƙasar filin tana zuba a kan gilashi.

"Haba, 'yata, ba a ce ki..."

"Idan sun gama dubawa, Anti, Koci ya san gidanmu."

Ta juya ta fita da safa. Dogo ya bi bayanta.

A waje kwalta ta ɗauki zafi. Ya sunkuya zai ɗauke ta kamar lokacin tana ƙarama, ta ce, "Baba, mutane na kallo," ta taka abinta har mota ba ta ɗingisa ba. Ya janye bas ɗin daga ƙofar, manyan motoci suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Direban ta farko ya leƙo kamar zai yi zagi, mai gadi ya ce masa wani abu, sai ya mayar da kansa ciki.

Sai da suka hau babban titi sannan abin ya sauko masa. Ya saci kallon ƙafafunta a kan tabarmar mota, safa ta yi baƙi. Gasa ta matso. Koci da yaransa. Maigidansa ya kira har ya gaji, wayar tana nan a gaban mota tana nuna kiran da bai ɗauka ba. Duk wannan bai dame shi kamar matarsa ba, matar da kullum take ce masa talaka ba ya faɗa da inda ake ba ɗansa madara. Da wane baki zai gaya mata?

Wayar ta sake haske. Ita ce. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya share gumi, ya ɗauka.

"Baban Barewa, kana ina?"

"Ina hanya. Ki saurara, akwai maganar da..."

"Na gani. Wata nas ta nuna mini a wayarta, tana tambayata ko riƙo nake yi." Numfashinta yana fita da ƙarfi. "Na kira Koci, ya ce kun tafi kamfanin. Kun je?"

"Mun je."

"Me suka ce?"

Ya gaya mata duka, bai rage komai ba, har takalmin. Ya jira faɗan. Barewa ta matso da kunne.

"Wato ka wuce ta ƙofar asibiti," in ji matar, "ka gan shi da idonka, ba ka tsaya ka ɗauke ni ba."

"Na ɗauka za ki ce..."

"Ka ɗauka. Ɗan wa suka ce za su sa?"

"Ba su faɗa ba."

"To kowace uwa sai ta zata nata ne. Zan bi gidajen yaran filin idan na tashi aiki, mu iyaye mu koma kamfanin gaba ɗaya. Motar nan taka mutum nawa take ci?"

Dogo ya waiga ya dubi kujerun da babu kowa. "Idan an matsa, da yawa."

"Za a matsa. Ba ni yarinyar."

Ya miƙa wa Barewa wayar, ya sa sigina, ya jira wata tanka ta wuce, sannan ya hau titi.