Fuskoki Goma Sha Ɗaya

"Wannan kuma fa, Baba?" in ji malamar ɗakin karatu, tana turo masa wani hoton.

Akawu ya ɗora gilashin ƙara girma a kan hoton. Mutum uku ne tsaye a gaban injin kaɗa zare, ƙurar auduga ta yi musu furfura tun ba su tsufa ba.

"Na farko Goma-Saura. Kullum bakwai saura minti goma yake shigowa, ko ana ruwan ƙanƙara. Na tsakiya Mai Sarewa. Wannan gajeren kuwa Hutu-Haram. Shekara tara bai karɓi hutu ba, wai gidansa ya fi masaƙa hayaniya."

Malamar ta yi dariya tana rubutawa da fensir.

Shekara ashirin da biyu Akawu ya yi a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar masaƙa, yana buga wa ma'aikata kati in za su shiga da in za su fita. Babu fuskar da bai sani ba. Yau shekara talatin ke nan da rufe masaƙar. A watan jiya masu rushe tsohon ofishinta suka tsinci akwatin ƙarfe cike da hotuna, babu suna ko ɗaya a jikinsu. Ɗakin karatu na gari zai baje su ranar Asabar, shi ya sa aka aiko masa.

Tun hantsi yake magana, har muryarsa ta fara dishewa. Ya manta rabon da wani ya zauna ya saurare shi haka. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa tana can wani gari, takan kira ta tambayi maganin hawan jini, ta ce yara suna gaishe shi. Tsofaffin ma'aikata kuwa, 'yan kaɗan da suka rage, in ya yi musu sallama sukan amsa ne suna kallon wani wuri.

Sun bi ta kan hoton kantin ma'aikata, da na ƙungiyar ƙwallo, da na titin gaban masaƙa a lokacin tashi, kekuna sun cika shi maƙil. Yanzu titin nan akuya kan kwanta a tsakiyarsa ta yi tuƙa babu mai tayar da ita.

"Saura ɗaya," in ji malamar. Ta zaro shi daga wata ambulan daban. "Wannan ne ya ɗaure min kai."

Taron mutane ne a bakin babbar ƙofa, hannuwa a sama, bakuna a buɗe. An zana da'ira da jan biro a kan fuskoki goma sha ɗaya.

Akawu ya ajiye gilashin a hankali.

"Yajin aiki ne," ya ce. "Injin ya cinye hannun wani mutum, kamfani ya ce sakacinsa ne. Kwana tara aka yi ba a saƙa ko taƙi ɗaya ba."

"To wannan jan zanen fa?"

Zai iya cewa bai sani ba. Manajan ya mutu, wanda ya ɗauki hoton ma haka, ita kuma lokacin ba ta fi goyo ba. Ya dubi fankar da ke juyawa a sama, ya dubi yatsunsa.

"Manaja ne ya zana. Ni nake gaya masa sunaye."

Fensirin ya tsaya.

"Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce shi baƙo ne, bai san kowa ba, ni na san kowa. Lokacin matata tana kwance a asibitin kamfani, wata na biyu. Bai ambaci wannan ba. Katinta na asibiti kawai ya ajiye a kan tebur kusa da hoton." Ya dubi malamar. "Ba a doke ni ba, 'yata. Kada ki rubuta an doke ni. Minti biyar ban yi ba na gama. Washegari aka sallame su duka, aka fitar da iyalansu daga gidajen kamfani."

Malamar ta ajiye fensirin. A ɗaya ɗakin wani yana jan kujera.

"Ba dole ne in sa wannan a ƙarƙashin hoton ba," ta ce. "Sunayensu kaɗai ma sun isa."

"Sa. Duk garin nan an sani, takarda ce kawai ba ta sani ba."

Ya ɗauki gilashin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ita tana rubutawa. Da ya zo kan wani dogo da ke gaba da kowa, riƙe da hularsa a sama, sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Dogo. Tare muka shiga aiki rana ɗaya. Shi ya yi min abokin ango."

"Na san shi," in ji malamar. "Shi kaɗai ya rage a cikinsu. Wurinsa na fara kai akwatin nan, ashe idonsa ya tafi. Shi ya ce in neme ka."

"Shi ya ce?"

"Ya ce, je ki wurin Akawu, ba ya manta fuska."

Akawu ya juya maganar a ransa. Bai gane ko yabo ba ce ko mari. Ta kawo masa shayi, ya bar shi ya huce.

Bayan la'asar ya shiga motar haya. Sun wuce filin da masaƙa take a da, inda motar rusau ke cin bangon ofis. Da suka kusa tsohon tankin ruwa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Akwai sauka." Shi kansa ya yi mamaki.

Gida na huɗu a layin. Dogo yana zaune a benci a ƙofar gida, ya rame, ya ranƙwafa, sandarsa a kwance a gefensa ta tare sauran wurin zama. Akawu ya tsaya nesa kaɗan, har wata mata mai tallar gawayi ta wuce ta tsakaninsu. Sannan ya yi sallama.

Dogo ya karkata kai. Ya amsa, a gajarce.

"Ka je wurin yarinyar?"

"Na je."

"Ka gaya mata wa ya nuna mu?"

"Na gaya mata. Za ta rubuta."

Dogo ya gyaɗa kai. Bai ce ya zauna ba. Akawu ya buɗe baki zai faɗi abin da ya yi shekaru yana shiryawa, amma Dogo ya riga shi.

"Akwai wani da ya tsaya a bayana ranar yajin nan. Mai faffaɗar kafaɗa, ɗakin rini yake. Shi ya ɗauke min kaya ranar da aka fitar da mu. Shekara biyu ke nan ina neman sunansa, ya ƙi zuwa. Na tambayi kowa. Babu kowan ma."

"Ka-Fi-Jiniya," in ji Akawu.

"Ka-Fi-Jiniya!" Dogo ya bugi gwiwarsa. "Kai, Allah ya jiƙan mai babbar murya. In ya yi atishawa a rini, sai 'yan saƙa su ce an tashi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya goge ido da bakin riga. Ya sake ɗaure fuska. "Na hagunsa fa?"

"Ɗan Autan Inji."

"Na bayansa?"

Akawu ya ci gaba a tsaye, yana jero mutanen hoton da ka, layi bayan layi, Dogo yana maimaita kowane suna a hankali kamar mai ɗanɗanawa. Suna cikin layi na uku Dogo ya laluba gefensa, ya ɗauke sandar, ya jingine ta da bango.

"Ci gaba," ya ce. "Ban ce mun gama ba."