Cibiya Mai Jijiya Biyu

Ungozomar da ta karɓi haihuwar ƙanwata, mata suna kiran ta Ba-Wasa, kuma sunan bai zalunce ta ba. Tana da wata ɗabi'a: in ta yanke cibiya, sai ta kai guntun bakin taga ta ƙura masa ido, kamar tela mai neman kafar allura. Ni da na zo jinya na ƙagu a miƙo mana ɗanmu, ita kuwa tana can tana nazarin abin zubarwa.

Da ta dawo, ta ce kada a ba shi nono tukuna. Jijiyoyin jini uku ake samu a cibiya, in ji ta, na yaron nan biyu ne. Yawancin irinsu lafiyarsu ƙalau, amma wani lokaci alama ce ta cewa wani abu bai kammala ba a ciki, kuma kumfar da ke taruwa a bakinsa ba ta kwanta mata ba.

Surukar ƙanwata ta miƙe tsaye. Ta ce ta haifi tara ba a taɓa ƙirga mata jijiya ba, ga su nan har da masu gemu. Yaro na tsala ihu, uwa na hawaye, a ce kada ya sha?

"Mama, ki zage ni yau, na yafe," in ji ungozoma. "Amma ko ɗigo ba zai sha ba sai likita ya gani."

Ta ja kujera ta zauna tsakanin gadon uwa da na jariri, ta sha harara har likita ya iso. Ya zura siririyar roba ta bakin yaron, ta ɗan shiga ta tsaya cak. Hoto ya nuna hanyar abincinsa ba ta haɗe da ciki ba. Da ya sha, huhu nonon zai nufa. Na ji ungozomar nan ta cika min ido.

Aka yi masa tiyata, ya daɗe a kwalbar jarirai yana rayuwa da ƙarin ruwa. Suruka kuwa ta koma ba ta kiran ungozoma da komai sai "'yata".

Ranar da aka ce a gwada shi da nono, ƙanwata ta rungume shi. Ya kama. Ta ɗora yatsa a wuyansa.

"Yaya," ta ce a hankali, "nonon ya wuce ciki. Na ji ya wuce."