Igiyar Malam Barau

Duk wanda ya ce Malam Barau mai hassada ne, ya zo ya same ni. Ni na fara faɗin haka, kuma ni na fi kowa jin kunyarta.

Malam mutumin Tafoki ne. Yana cikin 'yan farko da suka je kwalejin horon malamai daga ƙasarmu, kuma a can ya yi tseren mita ɗari huɗu ba takalmi, cikin daƙiƙa hamsin da ɗaya. Da ya dawo ya koyar da wasanni, daga baya ya zama sakataren wasanni na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Shekara ashirin ba wanda ya kai wannan lokaci nasa. Ni Gide, ɗalibinsa daga Ruwan Godiya, na rantse sai na karya shi, domin wanda ya karya shi ne za a tura gasar jiha.

Ranar gasa a Ƙanƙara na yi daƙiƙa hamsin cif. Kai, fili ya kaure! Aka ɗaga ni sama, ana ta ihu. Malam kuwa ko murmushi babu. Ya tuɓe takalminsa, ya zagaye filin yana ƙirga taku, sannan ya ce a kawo igiyar awo.

Da igiyar rama muke auna fili a lokacin. Ashe ruwan sama ya jiƙa ta kwana biyu kafin a shata filin gasar, ta takure, ba wanda ya lura. Yanzu da ta bushe, aka sake aunawa.

Malam ya ce, "Filin ga bai cika ba. Ya rage mita goma. An soke."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A gaban jama'a na ce, "Malam, don naka ne na karya, shi ya sa!"

Ya naɗe igiyarsa ya tafi. Ni ma na tafi gida, na ce ni da gudu har abada.

Bayan sati guda, ina gona da hantsi, sai ga shi a kan kekensa, gumi sharkaf. Ya zaro tef ɗin awo na ƙarfe daga aljihu, sabo fil.

Ya ce, "Gide, ka gama fushin? Saura wata uku gasar jiha. In za ka karya, ka karya da gaskiya. Ban son a kai ka can a yi maka dariya."

Wallahi na sha wuya a hannun mutumin nan. Kullum bayan asuba yana tsaye da agogonsa, ina zagaye fili har sai na ga duhu-duhu. In na faɗi ya ce, "Tashi, malalaci, ko tsohuwa ta fi ka." Ya roƙi hukuma ta yarda a sake tseren, shi da kansa ya auna filin sau uku.

Na yi hamsin da ɗigo takwas. Da ƙyar, amma na karya. Ina waigawa na ga Malam ya biyo ni a guje ta gefen fili, hularsa ta faɗi, hawaye na zuba. Ya rungume ni yana cewa, "Shekara ashirin ina jira!" Nan na gane irin zaluncin da bakina ya yi masa.

Yau shekarata talatin ina horar da 'yan gudu. Watan jiya na je gaishe shi a Tafoki. Ya tsufa, idanu sun yi rauni, igiyar nan tana rataye a zaure. Ya riƙe hannuna ya ce, "An karya naka?"

Na ce, "Ina! Har yau ba a yi ba, Baba." Har da ɗan alfahari na faɗa.

Sai ya saki hannuna. Ya ce, "Assha. To mi kake koya masu?"