Abin da ke Ƙarƙashin Kwali

Shekara talatin da ɗaya ina yi wa hotunan mutane firam, ban taɓa samun mai ba ni ciwon kai irin ƙanena ba. Mai hoton aure ya kawo nasa, ya zaɓi katako, ya kama gabansa. Shi kuwa Auta sai ya jawo kujera ya zauna min a ka, yana koya min yadda zan riƙe wuƙar da na fara riƙewa tun yana zanen goyo.

Sana'arsa ɗaukar hoton 'yan gudun hijira. Sai ya ɓace wata uku, ya dawo ya rame ya yi baƙi, da hotunan da manya ke tsayawa a gabansu suna girgiza kai. Ya iya aikinsa, wannan ba na musu. Halinsa ɗaya ne ke ƙona min rai. Yakan wanko hoto cikakke, ya shimfiɗa a teburina, ya ɗauki fensir ya ja layi inda farin kwalin da nake zagaye hoto da shi zai rufe kafin a sa gilashi. Wai sai ya gani a takarda idonsa ke yanke hukunci. Kuma me ake rufewa? Duk wanda ya yi dariya. Duk wadda ta ɗaga wa kyamara hannu, ko mai waya a kunne, ko rubutu a bango.

"Yaya, rufe wannan, yana raba hankalin mai kallo."

"Mutum ne fa, Auta."

"Ba shi na je ɗauka ba."

Sai in yi tsaki in rufe. Iyakar jarumtata ke nan, tsaki.

Bana aka ba shi babban zaure ya baje hotuna arba'in da biyu. Ranar buɗewa tun da safe ina can a kan tsani ina rataya, don ƙarfe huɗu baƙi za su iso. Manajan wurin yana ta kai-kawo da takarda a hannu, komai ya gani sai ya ce a matsar da shi kaɗan. Akwai kuma wata mai shara, 'yar siririya, ba ta magana, tana bin tayil da tsumma da bokiti. Na lura ba ta ɗaga kai ta dubi bango ko sau ɗaya. Daga baya na ji ita ma gudun hijira ya kawo ta garin, to me za a nuna mata?

A gaban hoto na goma sha bakwai ta tsaya matse tsumma, idonta ya faɗa kansa. Wata tsohuwa ce zaune a kan jarka a layin ruwa, ta zuba wa nesa ido. A gefen dama akwai gwiwar hannun wani mutum, faɗin yatsa biyu kacal. Kwana biyu muka yi muna faɗa da Auta a kan wannan gwiwar hannu. Shi yana so ta ɓace, ni kuma na ce in na ƙara matso da kwali zai cinye jarkar tsohuwar. Da ƙyar ya haƙura.

"Baba," ta ce, "don Allah hannun nan na waye?"

"Wallahi ban sani ba, baiwar Allah. Ni katako da gilashi ne nawa."

"Ni na yi facin nan."

Na sauko daga tsani na sa tabarau. Riga ce ruwan ƙasa, an yi mata faci a gwiwar hannu da koren zare. Na sha ganinsa, ban taɓa kawo komai a raina ba.

"Zare ya ƙare min a hanya," ta ce, "sai na zaro daga bakin zanena. Ya yi ta min tsiya wai na mai da shi tuta."

Ta ba ni labarin a tsaye, tsumma na ɗiga a ƙafarta. Wata goma sha huɗu da suka wuce aka raba ta da mijinta a bakin wata gada, mata da yara a mota ɗaya, maza a wata. Aka ce motar mazan ta ƙone, babu wanda ya fita. Ta karɓi gaisuwa, ta gaya wa 'ya'yanta uku babansu ya rasu.

Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin kwalin nan. Da hannuna na rufe shi.

"Maigidan naki," na ce, "yana da wushirya?"

Sai kawai ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen tayil.

Ana cikin haka Auta ya shigo da sabuwar riga, yana ƙamshin turare, Manaja na biye da shi. Na gaya masa a taƙaice, na ce ya riƙe min firam in cire ƙusoshin baya.

"Yanzu? Haba Yaya! Ƙarfe huɗu fa za a buɗe. Wannan shi ne hoton da ke jikin katin gayyata."

"Minti goma ne."

"In ka buɗe ƙura za ta shiga. Malama, ki yi haƙuri, ina da asalinsa a kwamfuta a gida. Gobe, ko dai in an tashi daga baje kolin, zan duba miki a natse."

In an tashi! Sati biyu ke nan. Mace na zaune a ƙasa tana son ta san ko ita bazawara ce ko matar aure, shi yana maganar ƙura. Manaja ma ya tsoma baki, wai dokar zaure ta hana a taɓa abin da aka riga aka rataya, wai kuma wa zai ƙarasa goge tayil?

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na rataya, ni zan sauke. Kai kuma Auta, ni na wanke maka kashi, kada ka sa in tuna maka a gaban mutane."

Na sauke hoton na kifa shi a kan tebur, na zaro filaya daga aljihu. Ƙusa goma sha biyu ce, kuma don tsabar iya aikina kowace ta kama gam, har na riƙa zagin kaina. Na ɗaga katakon baya, na juyo da hoton, na zare kwalin.

Ga shi nan tsaye, dogo, da bokiti a hannu, ya wage baki yana dariya har wushiryar ta fito, yana kallon kyamara kai tsaye.

Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta a zane sau uku, sannan ta ɗora yatsa a kan facin, ba a kan fuskar ba.

"Yaushe aka ɗauka?" ta tambaya.

Auta ya duba bayan takardar, inda yake rubuta kwanan wata. "Wata biyar ke nan."

"Biyar," ta ce. Ta ƙirga a yatsunta, ta sake ƙirgawa. "To bai ƙone ba. Baba, bai ƙone ba!"

"Alhamdu lillahi," na ce. "Auta, a ina ne?"

Ya sosa ƙeya.

"Sansani bakwai na zaga a tafiyar nan. Na dai tuna da hantsi ne, hasken yana zuwa ta hagu..."

"Hasken! Ana tambayarka gari kana ba mu labarin haske? Sunansa fa, ka tambaya?"

"Ba na tambayar suna, Yaya. Ko tsohuwar ma ban..."

Wallahi da ba a gaban mutane ba ne da na kai masa rankwashi, da gemunsa da komai. Mutum ya yi shekara goma yana cusa wa bayin Allah kyamara a fuska, ya san ta inda rana ta fito, bai san sunan ko ɗaya ba.

Manaja ne, wanda na riga na sallama, ya miƙo wuya ya ce, "Wancan rubutun fa?"

A can sama, inda kwalin ya rufe, akwai tankin ruwa, an rubuta sunan sansanin da jan fenti a jikinsa, har da lambar layi. Shi ma Auta ne ya ce in rufe, wai rubutu na ɓata hoto. Manaja ya karanta da ƙarfi, ya ce ya san wurin, tafiyar yini ɗaya ce a mota, kuma direban zauren ɗan can ne. Ya manta da tayil ɗinsa, ya fita yana ƙwala wa direba kira.

Matar ba ta ɗauke ido daga hoton ba.

"Malam," ta ce wa Auta, a hankali, "me ya ba shi dariya haka? Tun da muka bar gida ban ga haƙoransa ba."

Na zaci zai ce ya manta. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ya nemi kujera ya zauna.

"Na ce masa ya matsa, yana shigar min hoto," ya ce. "Sau biyu ina faɗa. Ya ƙi. Ya yi dariya ya ce, 'Ɗauke ni mana, maigida. Ku hotonku yana yawo. Wataƙila iyalina su gani.'"

Nan take na tuna ranar da na ɗora kwali a kan fuskar nan, har ina yaba wa kaina yadda layin ya miƙe.

Na naɗe hoton na miƙa mata. Auta bai hana ba. Ta riƙe shi da hannu biyu ta fita neman Manaja, ta bar bokitinta a tsakiyar zaure.

Na dubi agogo, sha ɗaya da kwata. Na dubi bango. Hoto arba'in da ɗaya, kuma na san abin da ke ƙarƙashin kowane kwali: mai ɗaga hannu, mai waya, mata biyu da suka rungumi juna suna dariya, wani dattijo da ya ɗaga takarda da lamba a rubuce.

Na ja tsani zuwa hoto na ɗaya.

"Yaya," Auta ya ce, "baƙi fa?"

"Su zo su gani. Tashi ka riƙe min."

Ya cire sabuwar rigarsa ya rataya a kujera, ya zo ya tallafi firam ɗin ta ƙasa. Na sa filaya a ƙusar farko.