Layar da Mainassara Ya Ɗinka

Muttaƙa ya sa tafin hannu a ƙeyar tsohon ya ɗaga a hankali, sai kafaɗu suka taso tare da kan, kamar an ɗaga guntun icce. Mainassara ya yi wani irin nishi, haƙora a cije.

"Ko haske ba ya so," in ji Ɗela matarsa, tana tsugune a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu. "Tun shekaranjiya nake ba shi kinin ɗin Majo, amai kawai yake yi. Ɗana, mene ne wannan?"

"Ina zuwa, Inna."

Amsar da ya ba ta ke nan tun ranar Talata, yau kuwa Alhamis. Mainassara baduku ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da ɗakin da Muttaƙa ya sauka wata goma da suka wuce, sa'ad da aka ɗauke shi koyon aikin jinya a 'yar likitar garin, wato ɗan asibitinsu, nan tsakanin Magarya da Dungas. Ranar Talata Majo Wada, babban ma'aikacin likitar, ya leƙo ya taɓa goshin tsohon, ya ce zazzaɓin sauro ne. Muttaƙa na riƙe da jakarsa a baya, yana kallon wuyan nan, bai ce uffan ba.

Ba rashin sani ba ne, wallahi. Shekara biyar ya yi yana jinya a wani asibiti can ƙasar Ingilishi, ƙetaren iyaka, ya ga sanƙarau har ya gaji da gani. Amma ranar ɗaukarsu lokotoro, wato dokta, Nasaran da ya zo daga Damagaram, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya taɓa yi wa Ingilishi aiki. Na gabansa ya ce e, aka ce ɗan leƙen asiri ne, gardi biyu suka raka shi iyaka. Da aka zo kan Muttaƙa sai ya ce shi noman gyaɗa kawai ya sani. Tun daga nan yake wankin miki da tafasa allurai, yana barin Majo ya koya masa ɗaurin bandeji. Saura wata biyu jarrabawar gama koyon aiki.

Takardar shaidarsa ta wancan asibitin kuwa, mutum ɗaya ne ya taɓa ganinta a garin. Mainassara ne ya ninke ta, ya ɗinke cikin jar fata kamar laya, ya ɗaura masa a damtse. Bai taɓa faɗa wa ko Ɗela ba.

Muttaƙa ya tarar da Majo a baranda, layin mata da masu gyambo ya kai har gindin dalbejiya.

"Sai yanzu? Ruwan allura ya tafasa kansa ne?"

"Majo, ina da magana. A ciki."

Majo ya dube shi sama da ƙasa, ya shiga.

"Mainassara ba zazzaɓi gare shi ba. Sanƙarau ne."

"Rufe min baki!" Majo ya leƙa taga. "Ka san abin da kalmar nan take jawowa? Kumandan mai mulkin ƙasa ya rufe kasuwa, ya tare hanya, ya ce ni ina nake har ta shigo. Kai da jiya-jiya ka koyi riƙon almakashi?"

"Wuyansa ya sandare. In an naɗe cinyarsa ƙafar ba ta miƙewa. Akwai allurar a akwatin can mai kwaɗo, na ga lokacin da aka kawo ta."

"Wa ya koya maka gwada ƙafa?"

Tsoro ya kama Muttaƙa. Ya tuna uwarsa a Guci, da ta gama gaya wa duk garin ɗanta zai zama majo. Sai ya naɗe hannun riga, ya ɗauki aska daga faranti. Ɗinkin Mainassara ba ya farkuwa da daɗi. Sai da ya yanka sau uku kafin fatar ta buɗe.

Majo ba ya jin Ingilishi, amma hatimi hatimi ne, ga kuma hoton Muttaƙa da farar riga. Ya daɗe yana juya takardar.

"Wato wata goma kana tsaye kana kallona ina koya maka abin da ka fi ni sani."

"Ka yi mini gafara, Majo."

"Ka yi wa Nasara ƙarya, ni kuma na sa hannu a kanka. Dole in rubuta. Ka gane? Dole."

"Rubuta. Amma a ba ni mabuɗi."

Majo ya tsaya, hannu cikin aljihu, har Muttaƙa ya fid da rai. Can ya jefo mabuɗin kan tebur.

"Wuce mu tafi, munafuki. In gani da idona."

Ya gani kuwa. Ya ɗaga ƙeyar tsohon sau ɗaya, ya saki. Shi Majo ya riƙe hannun tsohon, Muttaƙa ya nemo jijiya ya soka. Ɗela na tsaye tana kallon wanda ke ba da umarni da wanda ke bi.

Bayan la'asar Mainassara ya buɗe ido. Ya lalubi damtsen Muttaƙa, ya ji wayam.

"Ka farke min ɗinki?"

"Na farke, Baba."

"Kai, yaron banza. Ɗinki mai kyau ne fa."

Daga nan bai sake magana ba. Aka yi masa allura ta biyu, aka yi ta uku. Ranar Juma'a da hantsi rai ya yi halinsa.

Mutum bakwai kawai gardi suka bari suka kai shi. Kasuwa an rufe ta, mai doki ya riga ya kama hanyar Magarya da rahoton Majo, takardar Muttaƙa a ciki. Majo ya karɓe farar rigarsa, ya ce ya zauna gida har a ji daga Damagaram. Duk da haka kafin azahar sau biyu ya aiko a kira shi, don an kawo wasu masu ciwon su uku a kan jakuna daga Dogo-Dogo.

Da yamma Muttaƙa ya shiga zauren Mainassara ya yi sallama. Ba kowa, an hana zaman makoki. Ɗela ta zo ta tsaya bayan asabari.

"Inna, ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa."

"Amin. An ce dā can kai babban ma'aikaci ne."

"Haka ne."

"An ce da ba don kai ba, da rabin garin nan ya tafi." Ta matso jikin asabarin. "Ɗana, abu ɗaya zan tambaye ka, don Allah kar ka rufe ni. Yaushe ka gane ciwon?"

Zai iya cewa Alhamis, ba mai ƙaryata shi a duniya.

"Talata, Inna."

"Talata," in ji ta, a hankali.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ya ji takunta yana komawa cikin gida. Ya zauna a kan buzun tsohon. A gefensa akwai takalma da aka fara, ƙafar hagu an gama, ta dama kuwa basilla na nan soke a jiki, zaren na lilo.